Dutsen Niƙa Daga Meziko

Tun kafin a buɗe ƙofar zauren gwiwoyin Hajiya Rahmatu suka fara ciwo. Otal ne sabo a unguwar Kudai ta Makka, sanyin na'urarsa yana shiga ƙashi, ga shi ba ta samu barcin rana ba. Da son ranta ne, da yanzu tana ɗakinta a unguwar Jarwal, ta miƙe ƙafa tana jan carbi.

Saboda jikarta Salwa ta zo. Yarinyar tana aikin gwaji a otal ɗin, kuma ita ta kawo shawarar a shirya wa baƙi 'yan Umra taron ɗanɗana cakulan Meziko, irin wanda ake niƙawa da hannu. Mudir Bandar, shugabanta, ya yarda da sharaɗi guda: mai niƙan ta zama 'yar can ce ta asali. Musulma kuma, tunda wanda ba Musulmi ba ba ya shiga Makka. Salwa ta ce ta samo. Shi kuma ya ce idan taro ya yi kyau aiki ya zama nata, idan ya ɓaci ta ajiye musu rigarsu. Uban Salwa kuwa yana kwance tun bara, ita ce mai fita nema a gidan.

A cikin tasi ta riƙe hannun kakarta tana roƙo, rabi Hausa rabi Larabci.

"Kaka, Allah yikhalliki, yau kawai. Duk abin da kika ji, kada ki ce uffan."

"Ni za ki koya wa riƙe baki?"

"Ke fa, wallahi. Na san ki."

Hajiya ta sauke niƙabinta ta juya wajen taga.

Baƙi suka cika zauren: Turkawa, 'yan Indonisiya, Larabawan Riyad masu ƙanshin turare. Idon kowa yana kan dutsen niƙan da aka girka a tsakiya, baƙi, mai ƙafa uku, da ɗan garwashi a ƙarƙashinsa. Salwa ta ɗauki abin magana. Ta ce musu tsohuwar da ke durƙushe a kan dutsen daga garin Wahaka na Meziko take, ta musulunta da girmanta, ba ta jin kowane yare sai nasu. Ta ce kakanninta sun niƙa ƙwayar koko, wadda ake yin cakulan da ita, tun kafin Turawa su san ƙasar.

Hajiya ta yi istigfari a zuci. Yarinya ƙarama, baki kamar na dillaliya.

Dutsen ma ba wani abin mamaki ba ne. Irinsa uwarta ta niƙa gero a kai har ta rasu, ba wanda ya taɓa ɗaukar ta hoto. Nan kuwa wayoyi sun tashi sama. Gasasshiyar ƙwayar koko tana murƙushewa, zafi yana fito da manta, har ta koma baƙin ƙulli mai sheƙi. Aka zuba kirfa, aka zuba sukari, aka barbaɗa barkono. Barkono a cikin abin zaƙi! Hajiya ta ɗanɗana tun a gida, ta ce wa Salwa maganin shawara ya fi shi daɗi.

Da aka dama ƙullin da ruwan zafi, Salwa ta ɗaga wani itace mai zobba ta kira shi da wani dogon suna. Maburgi ne. An dai yi masa ado, amma maburgi ne, kuma yadda ake murza shi tsakanin tafuka a miyar kuka haka ake murza shi a nan. Kumfa ta taso. Mutane suka yi tafi kamar an fasa dutse an fitar da ruwa.

Aka rarraba a ƙananan ƙoƙuna. Salwa tana koya musu: a shinshina tukuna, a kurɓa kaɗan, a bar shi a kan harshe. Manya masu gemu suka rufe ido suna gyaɗa kai. Wata Baturkiya har da hawaye.

Bandar yana tsaye kusa da dutsen, hannu a baya. Da farko fuskarsa a ɗaure take. Yanzu ta saki. Ya kurɓa, ya dubi Salwa, ya ɗaga mata babban yatsa. Hajiya ta ga kafaɗun jikarta sun sauka. Ita kam bayanta ya riƙe, wuyan hannunta yana zugi, tana ta kasa kunne ko za ta ji kiran magariba. Saura kaɗan. Ta cika alkawari, ko tari ba ta yi ba.

Jama'a sun fara watsewa sai ga wata mata ta kutso daga baya, da atamfa a ƙarƙashin hijabinta, tana jan ƙafa irin ta wanda ya sha ɗawafi da safa da marwa. Ba ta karɓi ƙoƙo ba, ba ta ɗaga waya ba. Ta tsaya a gaban dutsen, ta dubi tsohuwar da ke ta fama ita kaɗai, gumi ya jiƙa mata mayafi mai ja da rawaya. Ta ɗan rusuna, kamar yadda aka koya mata a gida.

"Sannu da aiki, Iya. Allah ya ba da lada."

Salwa ta zabura. "Ya Hajja, ai ba ta ji, 'yar Meziko ce, ba ta—"

Bandar ya juyo yana murmushi, yana jiran a fassara masa.

Amma tun da Hajiya Rahmatu ta yi wayo ba a taɓa gaishe ta a kan aiki ta yi shiru ba, kafin ta ankara ta ɗago daga kan dutsen ta ce, "Yauwa, sannu kadai 'yar nan, ya gajiyar ibada?"