Akwatin Zaure

Tun da tsutsar intanet, muguwar manhajar nan mai lalata na'urori, ta fara shiga gidaje ta wayoyin baƙi, kowa a akwatin zaure yake barin tasa. Mudi ya zo duba ƙaninsa Isyaku, ya ƙi ajiyewa.

Tasalla, matar Isyaku, ta tare ƙofa. "Yaya, na'urar numfashinsa a layin intanet na gidan nan take. Ka yi haƙuri, wayar nan ba ta shiga."

"Ni ne baƙo yau?"

Ba ta gusa ba. Ya jefa wayar cikin akwatin yana huci. Sai ga wayar ta yi magana da muryar Isyaku, wanda tun bara bai furta kalma ba: "Tasalla, shigo da ni mana."

Ta gane tsutsar ce. Ta danne murfin akwatin, ta murɗa makulli. "Bismillah, Yaya, shigo."