Mai Gyaran Kala da Fuskar Matarsa

Kai Nazifi, ka ishe ni da tambaya. Tun da ka shigo bakinka bai huta ba: wace manhaja ce ta fi iya gyaran kala, wane allo ne ba ya ƙarya, wace kwamfuta ce ba ta nishi in an ɗora mata fim. Duk zan gaya maka. Amma ja kujera tukuna, ka ji misalin wani da ya fi ni da kai sanin kayan nan.

Mutumin nan sana'armu yake yi, gyaran kalar fim, kuma hannunsa na da kyau. A kawo masa hoton da rana ta ƙone ko wanda duhu ya cinye, ya shiga ɗakinsa ya rufe taga, ya yi ta murzawa har fatar mutum ta dawo fatar mutum. Sai Allah ya yi wa matarsa rasuwa, ba su taɓa haihuwa ba. Ita kuwa a rayuwarta ba ta ƙaunar kyamara, da ta ga an ɗaga sai ta ja mayafi. Saboda haka duk duniya abin da ya rage masa na kamanninta shi ne wani guntun bidiyo da ya ɗauka da waya, tana shanya a tsakar gida, ta juyo tana dariya tana ce masa ya ajiye abin nan. Rana tana bayanta, fuskar ta yi duhu, ba ka ganin komai sosai sai haƙora da ƙyallin ido. Da 'yan zaman makoki suka watse, gida ya yi masa faɗi, ya rasa wanda zai ce wa ina kwana, sai ya ce bari ya fito da fuskar nan fili, ai aikinsa ne. Ranar farko ya ɗan ƙara haske, kuma wallahi ya yi kyau. Da ya tsaya a nan, da ba ni da labarin ba ka. Amma ina! Ya ce manhajar ce ba ta fitar da ja yadda ya kamata, ya sauya wata. Ya ce allon ne ke rinjaya wajen shuɗi, ya kawo sabo, ya manna masa na'urar awo ya daidaita shi. Ya ce kwamfutar ta tsufa, ya kwashe aikin ya mayar kan wata. Abin da ya manta, alhali shi ke koya wa wasu, shi ne ido akwai shi da saurin sabo. Ka daɗe kana kallon abu a ɗaki mai duhu, jan da ya yi maka yawa da safe kafin azahar ya zama daidai, gobe kuma ka ga kamar ya yi kaɗan. Shi ya sa muke fita mu kalli sarari, mu kira wani mu ce zo ka duba mini. To shi wa zai kira? Wadda ta saba leƙowa ta ce masa wannan ya yi ja da yawa, ita ce a cikin allon. Abokan aiki sun yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har suka gaji suka daina zuwa, shi kuma bai ma lura ba.

Haka ya yi ta yi, yau ƙari, gobe ƙari, kowane gyara a kan na jiya yake ɗora shi. Fata ta yi haske, ta yi sumul. Abin da ke share dishi-dishin hoto ya share har da ɗan tabon da ke gefen hancinta, shi kuwa yana ta murna wai hoto ya fita. Ana nan sai yayar marigayiyar ta zo daga ƙauye duba shi, ta tarar da shi ya rame, tukwane sun yi ƙura. Cike da ɗoki ya zaunar da ita, ya kunna mata bidiyon. Ta kalla, ta sa ya maimaita, sannan ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Allah sarki, muryar Tasalla ce. Amma wannan matar wace ce?"

Ya shiga neman na asali, wancan mai duhun, ya tona ko'ina. Ashe ranar da ya sauya kwamfuta gyararrun kawai ya kwashe, na asalin kuwa ya goge shi da hannunsa don yana ganin ba shi da sauran amfani, wayar ma tuni ya share duk abin da ke cikinta ya bayar. Ya ce ba komai, ai fuskar matarsa tana cikin kansa. Ya rufe ido don ya tuno ta, sai wadda ya ƙera ce ke zuwa masa, fara sol, ba tabo. Abin tausayi, Nazifi, ni dai ban san kaɗaicin da ya kai wannan ba. Yayar ta kwana biyu ta koma gida, ta bar shi da baƙuwa a allo tana yi masa dariya da muryar matarsa.

Ka ga abin da Hausawa ke nufi da suka ce, garin neman gira an rasa ido.