Mai Jirgin da Ya Murɗa Taimin

Tunda ka ce aikin nan ba zai jira ba, zauna ka ji abin da ya sami wani mai jirgin fito a bakin Kwara.

Jirginsa na katako ne, da tsohon injin mota girke a cikinsa. Wata rana da damina, kogi ya cika ya batse, aka kawo masa wani manomi a amalanke, kububuwa ta sare shi a ƙafa a gona, matarsa da ƙaninsa na biye da shi. Asibiti na tsallake, tafiyar rabin awa. Matar manomin ta kama gefen jirgi ta ce, "Malam, ka taimaka ka yi sauri." Ya dubi ƙafar, kumburi ya kai gwiwa. Sai ya tuna ya taɓa ganin bakanike ya sassauta wani noti, ya ɗan juya kan da ke raba wa fulogai wuta, wai yana gyara taimin, wato lokacin da wuta ke kama mai, injin kuwa ya ƙara ƙarfi. Ya ce a ransa, in kaɗan ya ƙara gudu, ina ga mai yawa? Ya ɗauki sifana ya murɗa son ransa, ya ɗaure, suka tashi ana kiran azahar.

Suna kaiwa tsakiyar ruwa injin ya soma ƙwanƙwasa kamar ana duka a maƙera, don wuta tana riga lokacinta zuwa. Ya ɗau zafi, ya yi tari, ya mutu. Mai jirgi ya murɗa makulli, injin ya yi tutsu ya ƙi. Ruwa ya juya jirgin a karkace, ya nufi da su wasu duwatsu inda kumfa ke tashi. Ƙanin manomin ya zura gora, ba ta taɓa ƙasa ba. Mai jirgi ya sake murɗawa, ya ji batir ya fara sanyi, ya san saura gwaji ɗaya ko biyu. Ya durƙusa a kan injin, ƙarfe na ƙona masa yatsu, gumi na shiga idonsa, yana neman sawun tsatsa da zai nuna masa inda kan da ya murɗa yake zaune da farko. Manomi na nishi a bayansa, rurin duwatsu na ƙaruwa, shi kuwa dole ya mayar da shi a hankali, kaurin gashi bayan kaurin gashi. Da ya ga sawu ya hau sawu, ya ɗaure, ya yi bisimilla ya murɗa. Injin ya kama, duwatsu na nesan jifa.

Amma ruwa ya riga ya kai su ƙasa da nisa, sai da suka yi ta hawan kogi har bayan la'asar. Likita ya ceci ran manomin, ƙafar kuwa sai da aka yanke ta, ya ce da sun zo da wuri da ba ta kai haka ba. Cikin waɗanda ke jirgin babu wanda ya san abin da mai jirgi ya taɓa. Matar ta same shi a bakin ruwa, ta durƙusa tana sa masa albarka don ya tsamo su daga bakin duwatsu, ta miƙo kuɗin fito. Ya kasa karɓa, ya kasa ɗaga ido ya dube ta.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, sauri ya haifi nawa.