Kafin Su Karɓe Shi

Rosalind ta sake taɓa butar shayin, ta ji ta huce, ta sa aka kawo wata. Ɗanta Edmund ba ya shan shayi mai sanyi, kuma ta tabbata tun da aka buga masa waya bai sa komai a cikinsa ba. Haka yake tun yana ƙarami, da zarar hankalinsa ya tashi sai cikinsa ya rufe.

Mahaifinsa ya rasu da hantsi, a kan kujerarsa, tabarau na hanci, yana tsakiyar aiki. Aikin nan gado ne, daga uba sai ɗa. Ba a nemansa, ba a kuma ajiye shi. A kan idonta ya cinye mata miji. Mutumin da ta aura mai dariya har da hawaye ne, amma wanda ta rufe wa ido yau, ko sannu zai ce mata sai ya auna.

Yanzu ga shi ya faɗo kan Edmund, ɗanta tilo, wanda ko karatu bai gama ba. Jirgin ƙasa ya taso da shi daga makarantarsa can arewa.

Yayarta Maud na zaune gefen murhu, ta zuba mata ido.

"Ki zauna mana, Roz. Kin kusa huda dardumar mutane da zirga-zirga."

"Yaya, ko ya tuna da rigar sanyinsa? Ruwa ake tun safe."

"Ƙaton namiji kike wa maganar rigar sanyi? Sai ki goya shi ma in ya iso."

Rosalind ba ta yi dariya ba. "Rungume shi kawai nake so in yi, Yaya. Sau ɗaya. Ya yi kukansa a kafaɗata kafin su karɓe shi."

Waɗanda take nufi suna ƙasa, sun cika babban falo: tsofaffin ma'aikatan mijinta, cikin baƙaƙen kwat. Ɗazu da za ta wuce ta ji ɗayansu yana cewa, "Yaron ai ɗan Mama ne. Lanƙwasa shi ba zai yi wuya ba." Wani ya yi 'yar dariya. Gawar maigidan ko sanyi ba ta gama yi ba.

"To ki tare shi ta ƙofar baya, wajen kicin," in ji Maud. "Ni zan tsare miki tsofaffin banzan nan da surutu. Kin san ni, sai sun roƙe ni in yi shiru."

Shawarar ta yi mata. Ta ɗauki mayafinta, ta fara saukowa daga bene. Amma tun daga tsakiyar matakala ta hango ta makara. Wasu cikin tsofaffin sun riga sun je tasha sun tarbi Edmund. Motar ta ratso jama'ar da suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa da lemominsu, ta tsaya a babbar ƙofar gaba.

Ya shigo gashinsa jiƙe, ba rigar sanyi, idanunsa jajir. Ya rame. Tsofaffin suka biyo shi suka jeru a bayansa, suna jira, don a gidan nan akwai abin da ba mai yi sai uwargida ta fara.

Edmund bai ga kowa ba sai ita. Ya nufo ta da sauri, hannuwa a buɗe.

"Mama."

Ta san muryar nan. In ta buɗe hannunta yanzu, zai zube a jikinta ya fashe da kuka, ita ma abin da take so ke nan tun safe. Ta kan kafaɗarsa ta ga mai maganar ɗazu ya kalli abokinsa. Ba za su taɓa mantawa ba. Har ya tsufa da wannan kukan za su riƙa kallonsa.

Ta ja da baya kaɗan.

Ya tsaya cak, hannuwansa a sama, kamar yaron da aka ƙi ɗauka. Maud ta juya fuskarta ga bango.

Sai Rosalind ta kama hannunsa na dama, sanyi ƙarara, ta sumbaci hannun. Ita da rabonta da rusuna wa ɗan Adam tun ranar da aka ɗora mata kambin sarauta a gefen mijinta, ta rusuna har gwiwarta ta taɓa ƙasa, ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarkin Ingila."