Baiti Biyu don Hindatu

Tun da aka kafa dokar ajiyar murya, babu mawaƙin da ke waƙa a gaban jama'a sai da izini. Uwani Gwammaja, wadda ta shekara talatin tana waƙoƙin fina-finai, ta je ofishin ajiyar ranar Talata. Jibi ake kamun 'yarta Hindatu, kuma baiti biyu kawai take so ta yi mata.

"Ba wuya, Hajiya," in ji Sabitu, ma'aikacin wurin. "Ki rera kaɗan, na'ura ta tabbatar ke ce."

Uwani ta gyara mayafi, ta ɗauko waƙar da ta fito da ita. A tsakiyar amshi numfashinta ya yanke, ta ja wani, ta ƙarasa.

Na'urar ta amsa da muryar Uwani ta ƙuruciya da aka ajiye a cikinta, garau, ko numfashi ba ta ja: "A yi haƙuri, wannan kwaikwayo ne."

"Ɗana, ni ce fa."

Sabitu ya sunkuyar da kai. "Na sani, Hajiya. Da waƙar nan aka kai mahaifiyata ɗakin miji. Sai dai a aika na'urar ta yi wa amarya waƙar."

Uwani ta juya ta kalli na'urar.

"Ƙarfe nawa za ta zo?"