Kiran Ƙarfe Takwas

Merle Dunstan ta rantse cewa gawarta kaɗai za a fitar daga gidanta. 'Yarta Noelene ta dubi faɗin ƙofar, ta ce ai za ta wuce.

Rigimar a kan wani ɗan abin wuya ce, mai maɓalli, wanda tsoho ke dannawa in ya faɗi don a kawo masa ɗauki. Merle ta shekara arba'in tana aikin jinya a wannan gari na yammacin Queensland. Rabin mutanen garin a hannunta aka haife su, sauran rabin ta tsira musu allura. Ba ta ga dalilin rataya mata ƙararrawa kamar akuya don kawai ta kai tamanin da biyu ba.

Bayan mako guda sai ga wata ma'aikaciyar asibiti, Tamsin, da kwamfutar hannu a jaka. Ko ambaton abin wuyan ba ta yi ba.

"Sista, taimako muka zo nema. Akwai wani dattijo, Col Whitford, shi kaɗai a gonar tumaki, tafiyar awa huɗu daga nan. Ya kori ma'aikatanmu uku. Muna son ƙwararriya ta riƙa kiransa ƙarfe takwas na safe, ta gan shi, ta cike mana takarda."

"Me ke damunsa?"

"Taurin kai."

"Wannan ba shi da magani," in ji Merle, ta miƙa hannu ta karɓi kwamfutar.

Tamsin ta bar mata abin awon jini da agogo mai ƙirga bugun zuciya, don wai Col ba ya auna nasa sai ya ga wani ya fara. Merle ba ta yi mamaki ba. Ta san maza.

Wata shida suka yi a haka. Col bai taɓa iya riƙe kwamfutarsa daidai ba, kullum hancinsa take gani da fankar silin. Tare suke awon jini, tare suke kora ƙwayoyi da shayi. Yana ce mata Sajan, tana ce masa tsohon rago. Tun farko yana da ɗabi'ar tambayarta ko ta karya, ko ta yi barci, da yau wace rana ce. Ta ɗauka zaman gona ne, tumaki ba su san Lahadi ba.

A wata na bakwai abin ya sake. Sai ya tambayi ranar, ta faɗa masa, ya yi shiru, can kuma ya sake tambaya.

Merle ta san wannan shirun. A takardar akwai wani ɗan gurbi da aka rubuta "ruɗewa". In aka sa masa alama sau biyu likita zai je. Bayan likita kuma sai ɗaki a gidan tsofaffi, mai taga ɗaya da ke kallon wurin ajiye motoci. Ba a shiga can da kare, Col kuwa da karyarsa yake hira tun rasuwar matarsa. Da hannunta ta sha sa wa mutane wannan alamar a da, ta koma gida ta ci abincinta.

Yanzu abincin ya ƙi ciwuwa. Garin ma ya ƙara mata da nasa: motar shara ta daina zuwa ranar da ta saba, ba sanarwa, an bar mata kwandon a bakin titi yana tara ƙudaje. Ta je coci ta tarar da ƙofa a kulle. Ba wanda ya ɗauki aikinsa da muhimmanci kuma.

Da safen nan ta zauna da biro a hannu, ta ƙudura cewa yau za ta yi abin da aikinta ya ce.

"Sajan, kin karya?"

"Na karya. Gyara abin nan, gashin hancinka ya ishe ni."

"Shi ne kaɗai gashin da ya rage min, bar ni in nuna shi. Yau wace rana ce?"

"Talata."

Fanka tana ta juyawa.

"Merle." Bai taɓa kiran sunanta ba sai yau. "Wace rana kika ce?"

"Talata, Col," ta faɗa a hankali, da muryar da take yi wa masu jin tsoro. "Kada ka damu. Kowa na mantawa."

"Haka ne," in ji shi. "Kowa na mantawa."

Da suka yi sallama ta daɗe tana kallon gurbin. Sannan ta tsallake shi, ta rubuta "lafiya lau", ta sa hannu. Shekara arba'in ba ta taɓa yi wa takarda ƙarya ba sai yau.

Can a gonar tumaki, Col Whitford ya jawo tasa takardar, wadda Tamsin ta ba shi ranar da ta roƙe shi ya sa ido a kan wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai taurin kai. Ya tsallake gurbin kamar yadda ya yi sati uku yana yi, ya rubuta "lafiya lau".

Ranar Juma'a ce.