Ɓarawon Naman Alli

Muntari bai gama ajiye naman a kan rufin majemar ba, baƙin tsuntsun nan ya sauko ya sure shi, ya koma kan tankin ruwa yana yaga yana kallonsa, ko kunya babu. Muntari ya ɗura masa ashar, ya wurga masa takalmi, takalmin ya faɗa kwatar rini.

Ai ba don wannan la'anannen yake hawowa kullum bayan la'asar ba. Don Alli yake hawowa.

Alli tsuntsu ne da wani direban katako ya kawo wa Muntari daga kurmin Kudu tun bai iya tashi ba, fari sol, da tukku a ka, ƙafafunsa lulluɓe da gashi kamar mai wando. Ma'aikatan majemar ta Challawa sun sha musu a kansa, wasu su ce shaho ne, wasu su ce gaggafa. Muntari, da yake aikinsa ke nan ware fatu, ta akuya nan ta tunkiya can, shi ya raba gardama. Ya ce farin shahon kurmi ne, jinsinsa daban, bai haɗa dangi da baƙaƙen da ke ɗaukar 'yan tsaki ba. Wa zai ja da shi? Da tsokar da ake kankarowa daga jikin kirgi ya rene shi, har ta kai da fito ɗaya Alli zai baro sama ya zo.

Sai kamfani ya tura shi Maiduguri sayen fatu, zaman da aka ce na ɗan lokaci ne ya zama shekaru. Da ya dawo, sabon mai gadi, Malam Uba, ya ce shi tun da ya kama aiki bai taɓa ganin farin tsuntsu a nan ba, sai wani baƙi da ke shawagi can sama, ba ya kusantar kowa.

Muntari bai buƙaci ƙarin bayani ba. Direban ya taɓa gaya masa cewa irin waɗannan tsuntsaye ba sa raba sama da wani. To ga shi nan. Baƙin ya kori Alli, ya gaje masa rufi, ya gaje masa tanki, kuma muddin yana nan Alli ba zai dawo ba. Muntari ya sauya lokaci, ya sauya kusurwa, duk a banza. Da ya yi fito, baƙin ne zai faɗo. Abin da ya fi ƙona masa rai ke nan, a ce kiran da ya koya wa nasa shi ne yake ciyar da maƙiyinsa.

Da tura ta kai bango, ya je aron bindigar Malam Uba. Tsohon ya yi ta jan ƙafa.

"Malam Muntari, tsuntsun nan bai ci kazar kowa ba. Ku ƙyale shi."

"Ya ci gidan wani," in ji Muntari, ya fizge bindigar.

Ranar bai kai nama ba. Ya tsaya, ya yi fito. Baƙin ya sauko duk da haka, ya dira a kan katanga dab da shi, ya karkata kai yana wani ɗan siririn kuka. Wannan rainin ya ƙara tunzura Muntari, ya ɗana, ya saki, tsuntsun ya faɗo matacce.

Zuciyarsa ta yi sanyi. Gobe sai ya kawo tsoka mai kyau ya jira nasa. Ya sunkuya ya damƙi ƙafar mushen zai cilla shi kwata, sai yatsansa ya ji wani abu mai tauri a cikin gashin. Ya buɗa.

Jan zaren fata ne, ya koɗe ya tsufa, da ƙullin da hannunsa ya yi wa Alli ranar da ya fara sakinsa ya tashi. Ashe farin gashin na ƙuruciya ne, girma ya mayar da shi baƙi.